Tsarin Jimlolin Hornby da Koyar da Ingilishi a Kwarin Komadugu: Sharhi

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya kuma ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Da haka batun koyar da Ingilishi, wanda aka saba farawa a kwaleji, ya iso gaban masu tsara yaƙi da jahilci. Batun ya fi matsawa a jihar Diffa, inda kogin Komadugu kaɗai ya raba manomin tattasai da jihar Borno, naira na yawo a kasuwa tare da sefa, kuma ɗimbin mutanen Damasak da Malam Fatori suka ƙetaro neman mafaka daga ƙarshen 2014. Wannan maƙala za ta auna ɗaya daga cikin tsoffin hanyoyin koyar da ginin jimlar Ingilishi, wato ta A. S. Hornby, don a ga abin da za ta iya yi wa ɗalibin wannan yanki da abin da za ta kasa.

2.0 Littafin da Asalinsa

Hornby ya fitar da A Guide to Patterns and Usage in English a 1954. Ginshiƙin littafin shi ne kasa aikatau na Ingilishi cikin tsari 25, gwargwadon abin da ke biyo bayan kowane aikatau: ko karɓau ɗaya, ko biyu, ko sifa, ko wata jimla sukutum. Hujjarsa ita ce sanin ma'anar aikatau bai isa ba, sai an san irin kalmomin da yake yarda su bi shi.

Abin lura shi ne wurin da aka ƙera wannan hanya. Hornby ya koyar a Japan tun daga shekarun 1920 har zuwa lokacin yaƙin duniya na biyu, ya kuma yi aiki tare da Harold Palmer a Tokyo. Harshen Japan yana ajiye aikatau a ƙarshen jimla, yana kuma nuna aikin suna da ƴan kalmomi masu biyo bayan sunan. Barbarci ma haka yake, ko karin Manga ko na Mobar da ake ji a bakin Komadugu. Greenberg ya nuna a 1963 cewa waɗannan halaye biyu kan tafi tare a harsunan duniya. Ke nan matsalar da Hornby ya tarar a ajinsa ƴar uwar wadda malamin Bosso ko Geskeru zai tarar ce.

3.0 Inda Hanyar Ta Yi Amfani

A dubi waɗannan jimloli:

(1) Musa brought Ali pepper.
(2) Musa ya kawo wa Ali tattasai.
(3) Moussa a apporté du poivron à Ali.

A (1) babu wata alama da ta bambanta wanda aka kawo wa da abin da aka kawo, jeri kaɗai ke faɗa. Barbarci kuwa yana da ɗafa-ƙeya don wannan aiki: -ye ga aikau, -ro ga wanda aka yi wa, -ga ga karɓau, sannan aikatau ya rufe jimla. Babarbare ya saba neman ma'ana a ƙeyar kalma, ga shi an kawo shi harshen da ma'anarsa ke cikin jeri. Maimaita tsari ɗaya da kalmomi daban-daban, wanda shi ne zuciyar hanyar Hornby, magani ne na gaske ga irin wannan ɗalibi, haka ma ga mai jin Tubanci, tun da jerinsa ɗaya da na Barbarci.

Misalan sun kuma nuna abin da masu tsara darussa kan manta. Jerin (2) ya yi daidai da na (1): kaikaitaccen karɓau yana gaba, karɓau na bin sa. Faransanci ne ya saɓa. Idan kuma aka sauya sunayen da wakilan suna, Faransanci ya kwashe su duka ya kai gaban aikatau, alhali Hausa da Ingilishi sun bar su a bayansa. Saboda haka malamin da ya bi ta Faransanci don bayyana (1) ya yi zagaye, ya bar gajeriyar hanya wadda yawancin mutanen garin Diffa suka riga suka sani daga kasuwa.

Wani alfanun shi ne Hornby ya ware aikatau masu karɓar tsarin (1) daga waɗanda ba sa karɓa:

(4) *He explained me the price.
(5) He explained the price to me.

A Hausa kusan kowane aikatau yana ɗaukar wa ko ma-, don haka "ya bayyana mini farashi" daidai ne. Faransanci ma yana cewa il m'a expliqué le prix. Harsuna biyu ne ke tura ɗalibi zuwa kuskuren (4), kuma rarrabewar Hornby ita ce ke tare shi.

4.0 Inda Ta Gaza

Babban raunin littafin shi ne yana duban Ingilishi shi kaɗai, bai san harshen da ɗalibi ya zo da shi ba. Kurakuran da suka fi yawa a wannan yanki daga nan suke fitowa.

4.1 Lamiri. A Hausa suna ba ya haɗuwa da aikatau kai-tsaye, dole lamiri ya shiga tsakani: "Musa ya tafi". Ɗalibi kan ɗauki ya a matsayin he, sai ya ce *Musa he went. Ta fuskar Hornby wannan jimla ba ta karya tsarin aikatau ba, domin kuskuren yana gaban aikatau ne, rabe-raben 25 kuwa bayansa suke kallo.

4.2 Jinsi. Barbarci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, shi ɗaya ke wakiltar duka biyun, saboda haka he da she kan cakuɗe a bakin Babarbare. Bahaushe ba shi da wannan wahala tun da yana da ya da ta, amma yakan kira mota she maimakon it, domin kowane suna tilo na Hausa yana da jinsi. Aji ɗaya, cuta biyu, kuma darasi guda ba zai warkar da su tare ba.

4.3 Tambaya da korewa. An gina tsarin 25 a kan jimlar bayani, aka ware tambaya da korewa ƙarƙashin mataimakan aikatau. Maganar ciniki kuwa rabinta tambaya ce da ƙin amincewa. Hausa tana tambaya da ɗaga murya ko da shin da ko, Barbarci da wa, babu ɗayansu mai kama da do na Ingilishi, wanda ke shigowa ya ɗauke lokaci daga aikatau. Shi ya sa ake jin *He did not went. Korewar Hausa mai ƙafa biyu, ba ... ba, ta fi kusa da ne ... pas na Faransanci, don haka a nan gadar Hausa ba ta ƙetarar da kowa.

4.4 Yawa. Tsari 25 masu lambobi kayan aikin malami ne da mai ƙamus, kuma Hornby kansa ya yi amfani da su a ƙamusunsa na masu koyo. Ga baligin da ke zuwa aji bayan ya taso daga gonar tattasai, haddace lamba nauyi ne da ba ya ƙara masa magana.

5.0 Shawarwari

Bai kamata a yi watsi da Hornby ba, bai kuma kamata a fassara shi yadda yake ba. Ya dace a tsamo tsari biyar ko shida mafi yawan aukuwa, a koyar da kowanne da bayaninsa da tambayarsa da korewarsa a darasi guda. A ajin da Barbarci ko Tubanci ya rinjaya, a fara da mazaunin aikatau, a bi da jinsi. A ajin masu Hausa ko Fulatanci, inda jerin aikau da aikatau da karɓau ya riga ya dace da na Ingilishi, a wuce wannan da sauri a tsaya kan do, tare da batun lamiri ga masu Hausa. Littafin malami ya nuna a fili wuraren da za a bi ta Hausa da waɗanda za a kauce mata.

Kafin a rubuta ko da darasi ɗaya, akwai aikin da ya rataya a wuyan masu bincike, ciki har da na Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014: a tattara ainihin jimlolin Ingilishi da ake buƙata a kasuwa da asibiti da bakin iyaka, a kuma rubuta kurakuran ɗalibai tare da harshen farko na kowanne. Lukas a 1937 da Hutchison a 1981 sun bayyana nahawun Barbarci, Parsons da Galadanci sun yi wa Hausa irin wannan hidima. Abin da zai ba mai tsara darussa madogara shi ne a jera waɗannan bayanai kusa da na Hornby, tsari bayan tsari, a kan jimlolin da aka ji a bakin Komadugu.