Sifar «shitty» ta Ingilishi: ma'anoninta da sigoginta na fifiko

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba wani ra'ayi da ya yaɗu tsakanin masu koyar da Ingilishi, wato cewa kalmar ashar ba ta da nahawun da za a nazarta, ya isa a gargaɗi ɗalibi a wuce. Ra'ayin tsoho ne: babban ƙamus na Oxford, wanda aka kammala a 1928, ya bar wasu kalmomin batsa a waje, sai a 1972 aka shigar da su. Mun zaɓi sifar «shitty» domin mu gwada shi. Mai karatu ya yi mana gafara, aikin nazarin harshe ne ya kawo mu.

1. Ƙira da ma'ana

Tushen kalmar shi ne sunan nan «shit», wato kashi. A tsohon Ingilishi «scitte» na nufin zawo. An liƙa wa sunan ɗafa-ƙeya «-y», an ninka baƙin ƙarshe, kamar yadda «mud» ya ba da «muddy». Muna iya ware ma'anoni huɗu:

(a) abin da kashi ya ɓata, ma'anar asali, wadda ba a cika ji ba yanzu;
(b) abu marar inganci, kamar mota ko aiki ko albashi;
(c) hali na rashin mutunci, kamar cin amanar aboki;
(d) rashin jin daɗin jiki, ko nadama bayan an yi wa wani laifi.

Ɗalibanmu, da yake ta hanyar Faransanci suke shiga Ingilishi, sukan fassara duka da «merdique». Wannan ya dace da (b). Amma a (c) Bafaranshe «dégueulasse» zai ce, a (d) kuwa sai ya sake ginin jimlar gaba ɗaya. A Hausa ma haka: «motar banza» ta ɗauki (b), «wulaƙanci» ya ɗauki (c), «jikina ba daɗi» ya ɗauki rabin (d).

2. Sigogin fifiko

Sifa mai gaɓa biyu da ta ƙare da «-y» takan karɓi «-er» da «-est», «y» ta koma «i» a rubuce: «happy, happier, happiest». Kalmarmu ta bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa: «shitty, shittier, shittiest». Ana kuma jin «more shitty». Faransanci da «plus» yake aiki, Hausa kuwa da aikatau «fi»: ta fi lalacewa, mafi lalacewa.

A nan ne ra'ayin da muka ambata ya faɗi. Mu gwada da «bloody». In tana nufin mai zubar da jini, ana cewa «the bloodiest battle», wato yaƙin da ya fi kowane zubar da jini. In kuwa ashar ce ta huce haushi, kamar a «the bloody car», ba a cewa «the bloodier car» da wannan nufi, domin kalmar ba ta siffanta motar da komi ba, zuciyar mai magana kawai ta nuna. «Shitty» tana auna abu, shi ya sa ake iya cewa wannan aiki ya fi wancan lalacewa da ita. Ke nan cikin kalmomin da ake haɗawa wuri guda a kira su ashar akwai aji biyu, kuma sigar fifiko ce ke raba su.

3. Kammalawa

Ba mu ce a sa kalmar a bakin yara ba. Amma ɗalibin da zai zama tafinta, ko mai fassarar littafi ko fim, zai gamu da ita ko ya so ko ya ƙi. In gargaɗi kaɗai aka ba shi, zai fassara ƙorafi kan lalatacciyar mota kamar an zagi uwar wani. Ya kamata darasi ya ba shi abu uku tare: ma'anonin kalmar, sigoginta, da wurin da faɗinta ke zubar da mutunci.