Uban da Bai Zauna Makoki Ba

Ya mai karatu, idan kana kallon finafinan Amurka, ka san labarin nan: an kashe wa mutum iyali, shari'a ta gaza, shi kuwa ya ɗauki bindiga. Wanda ya share wa sauran hanya shi ne Death Wish na 1974, inda Charles Bronson ya fito a matsayin mai zanen gine-gine a birnin Niyok, wanda 'yan iska suka kashe masa mata, suka ci zarafin 'yarsa. Har fim ya ƙare bai sami waɗanda suka yi masa ɓarnar ba. Waɗansu 'yan fashin titi dabam ya yi ta harbewa, masu kallo suna tafi.

Brian Garfield, wanda daga littafinsa aka ɗauko labarin, bai ji daɗin yadda aka mai da mai kisan jarumi ba, sai ya rubuta wani littafin a 1975, Death Sentence. Fim ɗin da James Wan ya yi da wannan suna a 2007 shi nake so ka duba.

Kevin Bacon ne uban, Nick Hume. A gidan mai aka sare ɗansa na fari da adda, a gaban idonsa, don kawai wani yaro ya sami shiga ƙungiyar 'yan daba. Da lauyan gwamnati ya gaya masa ɗaurin ba zai wuce shekara 3 zuwa 5 ba, sai ya janye shaidarsa a kotu, aka saki yaron, ya bi shi ya kashe. A nan fim ɗin ya fi 'yan'uwansa gaskiya, gama yaron ma yana da wa. Wan ya zo da mutanensa, suka kashe matar Nick, suka bar ƙaramin ɗansa, Lukas, a sume a asibiti. Tun kafin haka Lukas yana ganin ba a ƙaunarsa kamar marigayin, uban kuwa ya shagala da matacce har mai rai ya kuɓuce masa. Ka san gidan Dawuda, inda Absalom ya riƙe fushi shekara biyu a kan abin da aka yi wa Tamar, ya kashe Amnon, jinin kuma bai tsaya a kan Amnon ba.

Duk da haka kada ka yarda da fim ɗin gaba ɗaya. Bakinsa yana tsawatar wa ramuwa, idonsa yana sha'awarta. Jana'iza 'yan mintoci aka ba ta, amma da Nick ya aske kansa, ya jera bindigogi yana ɗura harsashi, an ba abin lokaci da kiɗa kamar ana shirya ango. Gawar yaron ta zama takardar izini, wadda ke ba ka damar jin daɗin kisa ba tare da lamirinka ya dame ka ba. Wanda ya taɓa zama kusa da uban da ya binne ɗansa ya san makoki ba shi da sauri haka: abinci ya yi sanyi a kwano, takalman yaro suna bakin ƙofa, ba mai ƙarfin halin kawar da su.

A ƙarshe Nick ya koma gidan da ba kowa, jini yana zuba daga wuyansa, yana kallon tsohon bidiyon iyalinsa. A nan aka zo aka gaya masa Lukas ya motsa.