Injiniyoyin da suka ratsa da I-70 ta kwazazzabon Glenwood

Da aka tsara manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin Amurka a 1956, zamanin Shugaba Eisenhower, babbar hanyar I-70 da ta taso daga Baltimore a gabas, a birnin Denver na jihar Kolorado aka yi niyyar ta tsaya. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya tsaya a Denver ya dubi yamma: duwatsun Rocky ne suka tokare. Gwamnan Kolorado na lokacin, Edwin Johnson, ya ƙi yarda a bar rabin jiharsa a baya, ya yi ta matsa lamba har aka amince a 1957 a miƙa hanyar zuwa jihar Yuta. Mutanen Yuta sun so ta nufi wajen Salt Lake City, amma gwamnatin tarayya ta karkatar da ita kudu zuwa Cove Fort don ta sada da hanyar kudancin Kalifoniya.

Sa hannu a takarda ba ya fasa dutse. An huda tsauni aka yi ramin Eisenhower a tsayin mita 3,400 daga teku, aka buɗe shi a 1973. Amma wurin da ya fi ba da wuya, kuma inda ni nake ganin gwanintar ta fito sosai, shi ne kwazazzabon Glenwood, mai tsawon kimanin kilomita 20. Kogin Kolorado ne a tsakiya, layin dogo ya riga ya kama gaɓa guda, bangon dutse kuma ya miƙe sama ɗaruruwan mitoci ta kowane ɓangare. Tsohuwar hanyar da ke wurin mai layi biyu ce. Ina za a sa layi huɗu?

Yadda aka saba a lokacin, nakiya da katafila ne: a farfasa bango, a ture ɓaraguzai cikin kogi, a shimfiɗa kwalta. Mazauna yankin da masu kare muhalli, har da mawaƙi John Denver, suka ce ba su san wannan ba. Aka shekara da shekaru ana ja-in-ja, aka kafa kwamitin jama'a da ke duba zanen, sai a 1980 aka fara aiki.

Dabarar farko ita ce daina tunanin hanyar a matsayin shimfiɗa guda. An raba ta biyu: masu nufar gabas suna bin gefen kogi a ƙasa, masu nufar yamma suna can sama da su a jikin dutse, kamar matakalar bene. Inda ƙasa ta ƙare gaba ɗaya, hanyar ta hau ginshiƙai, shi ya sa gadojin da ke cikin wannan ɗan taƙi suka kai kusan 40.

Yadda aka gina dogayen gadojin ya fi burge ni. Shigar da manyan injinan ɗaga kaya ƙasan kwazazzabon zai tattake itatuwa da gaɓar kogin, don haka daga sama aka yi aikin. Ana zuba gunduwoyin kankare a wani wuri dabam, a kawo su ta kan ɓangaren gadar da aka riga aka gama, wani ƙaton inji mai dogon hannu ya ɗauki gunduwa ya manna ta a gefen ginshiƙi. Ta gaba sai a manna ta a ɗaya gefen, don kada nauyi ya rinjaya. Igiyoyin ƙarfe da aka zura ta cikinsu ake ɗaurewa tamau su riƙe su. Haka gadar ke fitar da hannu hagu da dama cikin iska har ta haɗu da wadda ta taso daga ginshiƙi na gaba. Ɗan kuskuren awo a gunduwar farko, kafin a kai tsakiya ya zama babban giɓi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da direba ba zai lura da su ba, kuma abin da ake so ke nan. Inda fasa dutse ya zama dole, masu nakiya sun bi tsagar da dutsen ya zo da ita, sannan aka shafa wa sabuwar fuskar launi ta saje da tsohon bango. An sa wa itatuwa alama, ɗan kwangilar da ya lalata wanda ba a ba shi izini ba kuwa tara ta hau kansa. An dasa itatuwa da tsirrai kusan 150,000, aka kuma fitar da hanyar keke a gefen kogi.

An buɗe wannan sashe ranar 14 ga Oktoba 1992, bayan ya ci dala miliyan 490, kuma da shi aka kammala I-70. Kuɗin da yawa, kuma dutsen bai daina rigima ba. Gobarar Grizzly Creek ta ƙone gangaren a 2020, da daminar 2021 ta zo laka da duwatsu suka gangaro suka toshe hanyar kusan mako biyu. Direbobin tirela sai da suka riƙa zagayen sa'o'i ta arewa, ta garin Steamboat Springs.