Risho Ba Kayan Jere Ba Ne

Ranar da aka raba kayan marigayi kawuna, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota tsakanin Kano da Legas, an ware wani risho mai famfo tare da ƙarafan da za a sayar wa 'yan jari-bola. Ya yi baƙi ƙirin, ƙafarsa ɗaya ta saki, famfon kuma ya ƙame. Na roƙa aka bar mini. Da na wanke shi sai tagulla ta bayyana, ga sunan Primus a jikin tanki, a gindinsa kuma ga wasu haruffa biyu cikin 'yar da'ira. Neman ma'anar haruffan nan ne ya haɗa ni da mutanen da ban san da su ba: masu tara tsofaffin risho na matafiya a Ingila da Suwidin da Amurka da Japan, waɗanda ke bin diddigin shekarar kowanne kamar masu bin salsalar gidan sarauta.

Sha'awarsu tana da tushe. A 1892 ne Frans Wilhelm Lindqvist da J. V. Svenson suka fara ƙera Primus a birnin Stockholm na Suwidin, risho mai cin kananzir wanda ba shi da lagwani. Ana zuba sifirit a wani ɗan kasko da ke ƙarƙashin kan wutar a kunna, har ƙarfen ya yi zafi. Sai a buga famfo, iska ta turo kananzir sama ta bututu, zafin ya mai da shi tururi, tururin ya fito ta hanci, wata ƙofa mai kamar tsinin allura, ya gauraya da iska, ya kama da wuta shuɗiya mai gurnani, ba hayaƙi ba baƙin tukunya. Da irinsa Roald Amundsen ya narka ƙanƙara a hanyarsa ta zuwa ƙuryar kudancin duniya a 1911, da shi kuma Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka yi amfani a hawansu na dutsen Everest a 1953. Labarin da ya fi ratsa ni shi ne na Salomon Andrée, wanda ya tashi da abokansa biyu cikin balan-balan a 1897 da nufin ratsa ƙuryar arewacin duniya, ba su dawo ba. A 1930 aka gano sansaninsu na ƙarshe a tsibirin Kvitøya. Cikin kayansu akwai Primus, kuma bayan shekara 33 a cikin ƙanƙara, da aka gwada shi ya kama.

Gano shekarar risho ilimi ne mai daɗi, kuma ina ganin girman masu yinsa. Daga 1911 kamfanin Primus ya riƙa buga harafi a tanki: A na nufin 1911, B na nufin 1912, haka har haruffa suka ƙare aka koma haɗa biyu-biyu. Da wannan na fahimci cewa na kawuna bai wuce tsakiyar shekarun 1930 a tsufa ba, kuma ya girmi kawun nawa a harkar tafiya, don a hannu ya saye shi. Kamfanin Coleman na Amurka ya fi sauƙaƙa lamarin, domin lambar wata da ta shekara yake bugawa, inda 3 da 64 ke nufin Maris na 1964. Optimus kuwa, wanda aka kafa a 1899, yawancin kayansa ba su da irin wannan alama, sai an bi tsofaffin littattafan talla da salon rubutun da ke jikin tanki. Svea 123, ɗan ƙaramin risho mai cin fetur da ya fito a 1955, ana rarrabe tsoho da sabo ta hanyar sandar daidaita wuta: a na farko ta ɗan sunkuya ƙasa, a wanda ya biyo baya mai allurar share hanci a ciki kuma ta miƙe sak. Wanda ya iya karanta waɗannan alamu ya iya karanta tarihin masana'antu daga gindin tukunya.

Inda na rabu da yawancinsu shi ne abin da ke biyo bayan gano shekarar. Yayin da ake ciki yanzu shi ne a sayi risho a gwanjon intanet, a duba harafinsa, a goge shi da inji har mutum ya ga fuskarsa a jiki, a ɗauki hoto, a ɗora a kanta kusa da 'yan uwansa talatin ko hamsin, shi ke nan. Ya zama jeren ɗakin amarya, irin tasoshin da ake jerawa har rufi ba a taɓa zuba tuwo a cikinsu ba. Jere yana da kyau a muhallinsa, don an yi shi ne domin ido. Risho kuwa domin wuta aka yi shi. Duk hikimar Lindqvist tana cikin daƙiƙar da kananzir ke zama tururi, kuma ba mai ganin wannan a kan kanta.

Gogewar ma ɓarna ce. Tagulla ƙarfe ne mai laushi, duk sanda aka sa mata inji sai an ci wani abu daga jikinta. Rubutun kamfani da harafin shekara ba su da zurfi, bayan gugar da ta wuce kima sai su dushe. Garin neman gira an rasa ido: mutumin da ya fi kowa damuwa da shekarar risho shi ne yake share ta da hannunsa. Duhun da tagulla ke yi da tsufa kuma ba datti ba ne. A tankin kawuna akwai wani wuri kusa da famfo da ya fi ko'ina santsi, inda babban yatsansa ke danne shi idan yana buga iska. Da na sa inji, da na goge kawuna daga jikin kayansa.

Akwai kuma ƙyamar da ake nuna wa risho mai gauraye, wanda tankinsa na wata shekara ne, kan wutarsa na wani kamfani, ƙafarsa kuma wani maƙeri ya liƙa ta da darma. A kasuwar masu tarawa irin wannan ba ya daraja. Ni a ganina shi ya fi faɗin gaskiya. Kan wuta yana ƙonewa a sauya, fatar famfo tana bushewa a yanko wata. Harafin gindi ranar haihuwa kawai yake faɗa. Gyare-gyaren su ne ke nuna cewa wani ya dogara da abin nan har ya ƙi yar da shi.

Na yarda akwai waɗanda bai kamata a kunna ba. Rishon Andrée na gidan tarihi ne. Wanda aka samu sabo fil cikin kwalinsa, a bar shi a haka ya zama ma'auni ga masu bincike. Tankin da ya tsage kuma haɗari ne, shi ya sa mai hankali ke buga masa iska ba mai a ciki, ya nutsa shi a ruwa ya ga ko kumfa za ta fito, kuma gwajin farko a fili ake yi, nesa da yara. Rishon kananzir ba a zuba masa fetur, mu da muka sha jin ta'asar gurɓataccen kananzir a gidaje ba sai an yi mana dogon bayani ba. Amma waɗannan kaɗan ne. An ƙera miliyoyin irin wannan risho, akasarinsu ba abin da suke nema sai sabuwar fata, da ɗan mai a famfo, da siririyar waya a share hanci.

A nan gida matsalarmu ta sha bamban. Gas ya kori kananzir daga ɗakunan girki da teburan masu shayi da yawa, tsohon risho ya koma bayan ɗaki, daga nan sai sikelin mai sayen tagulla, a auna shi da kilo a narka. Can ana kulle shi a kanta, nan ana jefa shi a wuta irin wadda ba tasa ba, ko ta ina dai an rasa shi. Wanda ya ci karo da irinsa a kayan iyaye, ya juya gindinsa ya duba kafin ya miƙa wa mai sikeli.

Na kawuna wani mai gyaran fitilu ya liƙa mini ƙafarsa, na yanko fata daga tsohon takalmi na jiƙa ta da mai na sa a famfo. Daren da ya kama, gurnaninsa ya fito da mahaifiyata daga ɗaki. Ta tsaya tana kallon shuɗiyar wutar, ta ce da wannan ƙarar suke sanin yayanta ya sauka lafiya, don kafin ya gaisa da kowa sai ya ɗora shayi. Da tsohuwar zuma ake magani. Na ɗora buta, muka zauna jiran ruwa ya tafasa.