Wasiƙar Cikin Akwati Ba Ta Haɗa Zamani Biyu

A cikin ƙagaggun labaran tarihi, wato littattafan da ke ɗora ƙirƙirarrun mutane a kan abubuwan da suka faru da gaske, akwai salon da ke ɗauko taurarin da ƙarnuka suka raba ya nuna cewa rayuwarsu a sarƙe take. Salon yana da daɗi matuƙa a hannun gwani, sai dai masu kwaikwayonsa sun ɗauka cewa da zarar budurwar zamani ta buɗe akwatin kakarta ta ci karo da tsohuwar wasiƙa, aiki ya ƙare, saura a riƙa tsalle tsakanin jiya da yau.

Abin da ke ɗaure zamani da zamani shi ne sanadi da sakamako. A cikin Kintu na Jennifer Nansubuga Makumbi, wanda ya fito a 2014, wani hakimin Buganda ya mari ɗan riƙonsa a 1750, yaron ya mutu, mahaifinsa ya yi wa gidan baki, kuma jikokin da ke raye a 2004 suna ta ɗanɗana kuɗarsu ba tare da sun san laifinsu ba. A Homegoing na Yaa Gyasi kuwa, na 2016, 'yan uwa mata biyu sun zauna a gini ɗaya a Cape Coast, Effia a bene tana matar Bature, Esi a kurkukun ƙasa tana jiran jirgin bayi, kuma wannan rabuwar ce ta kai tattaɓa-kunnen Esi ramin haƙar kwal a Alabama.

Masu akwati ba su da wannan haƙuri. Wasiƙa, zobe, sarƙa ko tabon haihuwa su ke yi musu aikin da ya kamata dalili ya yi, har mai karatu ya riƙa tsallake babin yau yana neman na da, domin tauraruwar zamani ba ta da wata sana'a sai karanta takardun matattu tana hawaye.

Gaskiya ne Gyasi ma ta yi amfani da baƙin dutse na gado, David Mitchell kuma ya saka tabon haihuwa a Cloud Atlas na 2004, amma ko an cire su labaran suna nan daram. Marubucin da littafinsa zai rushe idan aka ƙone wasiƙar, gajerun labarai biyu ya rubuta, ya sayar da su a bango ɗaya.