Lissafi da Hausa a Waya: Dabara Ta Yi Yawa

Yanzu da wuya ka buɗe TikTok ko Facebook ba ka ci karo da matashi a gaban allo yana koyar da lissafi da Hausa ba. Abin a yaba ne. Sai dai yawancinsu dabara suke tallatawa: yadda za ka ninka lamba da 11 kafin ƙiftawar ido, yadda za ka cinki amsar JAMB ba ka yi aikin ba. Ka haddace yau, jibi ta gudu, don ba a faɗa maka dalilinta ba.

A ganina, mai son kai manyan batutuwan lissafi ga mutanen Kawo ko Unguwar Shanu a Kaduna ya fara daga zauren malamin da ke rabon gado. Misali, mace ta rasu, magadanta miji ne da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su biyun suna da sulusi biyu. Kasa dukiyar shida: miji uku, matan huɗu. Bakwai ke nan, alhali shida ke ƙasa! Malami ba ya ko gezau. Sai ya yi auli, ya sake kasa dukiyar bakwai, kowa ya ragu daidai gwargwadon rabonsa. Wannan gwargwadon shi ne abin da ke sa ɗan sakandare gumi da Turanci. Ba kuma katsaham ba ne: littafin aljabra da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, kaso mai tsoka nasa kan wasiyya da gado ne.

Ga kuma hatimi mai gida tara, wanda ko ta ina ka haɗa layi, 15 za ka samu. Me ya sa 15? Haɗa 1 zuwa 9, ka sami 45. Layuka uku ne, kowanne dole ya ɗauki sulusi. Hujja ke nan cikakkiya, ba ta kai minti ɗaya ba. Bakatsine Muhammad al-Kishnawi ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake gina irin waɗannan hatimai, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ɗalibai nawa ne a Kaduna suka taɓa jin sunansa?

Na san masu bidiyon za su ce bayani ba ya tara mabiya. Wataƙila. To malaman lissafi na Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) fa, da ba mabiya ke biyansu albashi ba? Daga harabarsu ta titin Tafawa Balewa zuwa Rediyon Tarayya ba wata tafiya ba ce, kuma rabin sa'a a mako ya isa a warware mas'alar gado ɗaya.