Ganima da Ɗiyauci: Jigon 'Yanci da Daidaito a Labarin Kanta na Kabi

1.0 Gabatarwa

Labarin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, yana cikin labaran da aka fi bayarwa a Argungu da Birnin Kebbi da sauran garuruwan fadamar gulbin Rima. Galibin manazarta sun ɗauke shi a matsayin tarihi tsantsa, suna ta ƙoƙarin tantance shekaru da jerin sarakuna. Kaɗan ne suka dube shi a matsayin adabi, watau labari mai tauraro da jigo da manufa. A wannan maƙala za a kwatanta ruwayoyi uku na labarin, domin a ga yadda kowace ta ɗauki dangantakar da ke tsakanin 'yanci da daidaito. Abin da ake son nunawa shi ne, neman adalcin rabo ne ya haifi 'yancin Kabi, tauye rabon wasu kuma shi ya raunana shi, amma masu ba da labarin sun riƙe kashin farko sun yi sakaci da na biyu.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmar 'yanci ta samu ne daga 'ya ko 'ya'ya, aka yi mata ɗafa-ƙeya irin ta shugabanci da zumunci. A karin harshen yamma, wanda Kabawa ke ciki, ɗiya ake cewa, don haka ɗiyauci ya fi zama a bakinsu. Ke nan asalin ma'anar kalmar shi ne matsayin ɗa, kishiyar matsayin bawa. Kalma ce da ta tsiro a cikin al'umma mai hawa-hawa, inda ake gane ɗa da kasancewar wanda ba ɗa ba.

Daidaito kuwa daga daidai ya fito, kalmar awo da rabo. Bahaushe bai cika tambayar ko mutane duka ɗaya suke ba. Ya riga ya ce yatsun hannu ba daidai suke ba. Abin da yake tambaya shi ne ko an raba daidai. Karin maganar nan da ke cewa zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara, ta tattara wannan tunani: ta yarda giwa ta fi zomo girma, amma ta hana fifikon ya zama mallaka, ta kuma ba kowannensu haƙƙi a dawan. Da wannan ma'auni za a auna ruwayoyin.

3.0 Ruwayoyi Uku

Ruwaya ta farko ita ce ta Abdurrahman al-Sa'adi, malamin Tambutu, a littafinsa Tarikh al-Sudan na tsakiyar ƙarni na 17. A nan Kanta mai mulkin Leƙa ne, wanda ya raka Askiya Muhammadu na Sanwai yaƙin Agadas. Da aka dawo, wajen 1516, aka raba ganima ba a ba shi ba. Ya tuntuɓi Dandi-fari, babban hafsan Askiya, aka gargaɗe shi cewa neman rabon zai zama tawaye. Abin lura a zubin wannan ruwaya shi ne, Kanta ya fara yin shiru ne. Mutanensa ne suka matsa masa da tambayar rabonsu, suka kuma yi alkawarin tsayawa tare da shi. Saboda haka tauraron wannan kashi jama'a ne, ba mutum ɗaya ba. Ba su fita neman ɗiyauci ba tun farko. Rabo suka nema, da aka hana su sai suka gane matsayin da aka ajiye su, domin wanda ya yi yaƙi aka hana shi ganima an lissafa shi cikin bayi ke nan.

Ruwaya ta biyu ita ce ta Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, shekara bakwai bayan masu jihadi sun ci Birnin Kebbi. Bello ya yaba ƙarfin Kanta da girman biranensa, amma ya kawo zancen da ake yi cewa Kanta bawan Fulani ne. Ko da marubucin bai yi nufin ƙasƙanci ba, aikin da wannan zance yake yi a fili yake: wanda asalinsa bawa ne, tawayensa guduwa ce daga ubangiji, komawar zuriyarsa ƙarƙashin iko kuma mayar da abu ne mazauninsa.

Ruwaya ta uku ita ce ta baka, wadda Kabawa ke bayarwa. A cikinta Kanta ɗan gidan sarauta ne daga Kuyambana ta ƙasar Katsina, wanda bai gaji mahaifinsa ba, ya fita ya yi kiwon shanun Fulani, ya shahara a dambe, har jama'a suka taru a kansa. Wannan ruwaya amsa ce ga ta biyu: ta yarda da kiwon, ta ƙi bautar.

A nan ne babban abin suka yake. Ruwaya ta biyu da ta uku suna jayayya a kan asalin Kanta, amma sun haɗu a kan ƙa'ida guda, watau cewa jini ne ke halatta 'yanci. Ɗaya ta ce bawa ne, don haka bai cancanta ba. Ɗayar ta ce ɗan sarki ne, don haka ya cancanta. Babu wadda ta ce ko da bawa ne yana da haƙƙin gumin da ya zubar. Ruwayar al-Sa'adi kaɗai, wadda ta fito daga ɓangaren abokan gaba, ita ce ta ɗora hujjar a kan aiki da rabo.

4.0 Ganuwar Surame

Kashi na biyu na labarin baka ya shafi ginin Surame, birnin Kanta, wanda kufansa ke nan har yau. An ce ƙasashen da ya ci ne suka aiko da ma'aikata, kuma Nufawa sun makara, sai aka hukunta su da kwaɓa ƙasar ginin nasu ɓangare da man kaɗanya. An kuma ce an ɗora wa Azbinawa ɗauko ruwa tun daga ƙasarsu. Masu ba da labari kan kawo waɗannan da salon kirari, don nuna ƙasaita, masu sauraro kuma su yi dariyar jin daɗi.

Sai dai in an dubi tsarin labarin gaba ɗaya, za a ga kashi na biyu madubin na farko ne. Wanda aka hana ganimar Agadas shi ne ya koma yana ɗora wa mutanen Agadas aikin dole. Zomo ya zama giwa, ya mance da zancen tarayyar dawa. Tarihi kuma ya cika abin da labarin ya bari: a 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Kabawa da yaƙi, ƙasar Adar ta fita daga hannunsu, kuma ba a daɗe ƙwarai ba aka bar Surame, aka kafa Birnin Kebbi wajen farkon ƙarni na 18. Labarin da kansa yana ɗauke da gargaɗi, salon bayarwa ne ya rufe shi.

5.0 Maimaituwar Jigon a Ƙarni na 19

Bayan faɗuwar Birnin Kebbi a 1805 a hannun rundunar da Abdullahi ɗan Fodiyo ke ciki, Kabawa sun sake rayar da labarin Kanta a aikace. An kashe Sarkin Kabi Ƙarari a 1831, aka tsare ɗansa Yakubu Nabame shekaru masu yawa a Sakkwato, har ya yi bore a 1849 ya tsayar da mulki a Argungu. A 1867 aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda ya tabbatar wa Argungu cin gashin kanta. Amma cikin sharuɗɗan sulhun akwai cewa bayin da aka kama a yaƙi su zauna a hannun waɗanda suka kama su. Ke nan yarjejeniyar da ta 'yanta ƙasa ita ce ta tabbatar da bautar wasu daga cikin mutanen ƙasar. Wannan ba halin Kabi ba ne ita kaɗai: Amurka ta shelanta 'yancinta a 1776 da kalaman daidaito, amma ba ta soke bauta ba sai 1865. A Arewacin Nijeriya ma, dokar Turawa ta 'yanta yaran da aka haifa daga Afrilun 1901, amma ba a soke bauta ɗungurungum ba sai 1936. Doka ta ba kowa sunan ɗa, amma har yanzu akan tono asali idan zancen aure ko sarauta ya taso.

6.0 Kammalawa

Al'adar Argungu ba ta rasa nata hoton na daidaito ba. Bikin kamun kifi, wanda ya samu siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya ginu ne a kan hani: ana killace ruwan Matan Fada, ba mai kamu sai ranar da aka buɗe, sa'an nan dubban masunta su faɗa lokaci ɗaya da homa da gora. An taƙaita 'yancin mai ƙarfi domin a tsare rabon kowa, ko da yake gasar ta maza ce, mata na gefe suna waƙa.

Shawarar wannan maƙala ga malamai da masu tsara littattafan karatu ita ce, a riƙa koyar da labarin Kanta da kashinsa biyu, a kuma sa ruwayoyin uku gefe da gefe. Ɗalibin da aka nuna wa Kanta mai neman rabo, ba a nuna masa Kanta mai hana rabo ba, zai tashi da fahimtar cewa 'yanci shi ne samun damar danne wani, irin zaman kashin dankali. Akwai kuma aikin da ke jiran manazarta adabin baka: tattara ruwayoyin Zabarmawa da Arawa da Dandawa, waɗanda suka yi yaƙi tare da Kabawa a ƙarni na 19, da na zuriyar bayin fada, domin a ji yadda labarin yake a bakin waɗanda ba a kirari da sunansu.